Daminar da Na Shafa Baƙin Kaki

Rakiya da Sanusi, wannan babin naku ne, don ku biyu kuka ɗauki nauyin shekarar da zan ba da labarinta, kuma har yau idan wani ya taɓo ta sai in ga kun dubi juna. Na san yadda ake ba da labarin a gidajenku. Ana cewa daminar da ta biyo bayan rasuwar yayanku, Baba ya bar ciyawa ta cinye gonar Kwaya, ya shige shago a Magariya yana wasa da 'yan tsana, har innarku ta gaji ta tafi gidansu a Dungas. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Sai dai rabin maganar ke nan, ɗaya rabin kuwa na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai, ya ishe ni. Ku yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan. Ƙanana sun daina zama a idona.

Kun taso kun tarar da ni Isufu mai fenti, da ɗan shagona kusa da tasha. A lokacin da sana'ar ke da rai, da wuya babbar mota ta bi hanyar iyaka ba ta tsaya a ƙofata ba. Direba zai zo ya ce a zana masa zaki a bayan mota, wani ya ce dawisu, wani kuma kalma biyu kawai yake so, ta haƙuri ko ta habaici. Na rubuta allunan masu butik da na masu ɗinki, kuma duk ƙarshen hutu daraktan lakwal, wato makarantar boko, kan aiko a kira ni in sabunta baƙin allunan azuzuwa. Saboda haka da wani ya ce mini a lokacin ban san baƙin fenti ba, da dariya zan yi masa. Baƙi a wurina shi ne mafi sauƙin launi: ka buɗe gwangwani, ka shafa, ka kama gabanka.

Yayanku Lawali shi ne ɗanmu na fari. Bakina bai saba da sunansa ba, innarku Hadiza kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta shi ba, sai dai ta ce yaron nan, ko mutumin naka. Amma a takarda zan rubuta shi, tunda takarda ba ta jin kunya. Tun yana ƙarami yake zama a shago, kuma kafin ya kai ashirin hannunsa ya wuce nawa. Ban taɓa faɗa masa ba. Ni zakina kullum kamar karen da ya ƙoshi yake fitowa. Innarku ce ta fara faɗin haka, don a wancan zamanin mace ce mai ba'a, ba ta barin tuwo ya wuce maƙogwarona ba ta sa ni dariya ba. Shi kuwa idan ya zana doki sai ka ji kamar ka kauce masa. Direbobi suka fara tambaya ko yaron yana nan, in ba ya nan su ce za su dawo. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin abin, yana kuma sosa mini rai. A daidai wannan lokacin ne aka fara shigo da allunan da inji ke bugawa daga Kano, masu hoto da sheƙi, yau ka ba da aiki jibi ka karɓa. Cikin shekara biyu masu butik suka daina zuwa. Na zauna na duba gaba, ban ga inda sana'ar za ta ciyar da mutum biyu ba, ko ɗayan ma da ƙyar.

Ga abin da ba ku sani ba. Ku abin da aka gaya muku shi ne yayanku ne ya so kaki, ya nace, muka sa masa albarka. Ni na faɗi haka a gida, shi kuma bai ƙaryata ni ba. Gaskiyar ita ce, ranar da aka yi sanarwar ɗaukar sababbin masu kaki a rediyo, ni na tattara masa takardunsa na ajiye a kan bencin shago, na ce jibi ya kama hanyar Damagaram. Yana cikin wanke buroshi. Bai ɗago ba ya ce:

"Baba, ni wannan aikin nake so."

"So ba ya cika rumbu," na ce masa.

Na ƙara da cewa in bai tafi ba, kada ƙafarsa ta sake taka shagon. Ya gama wanke buroshin, ya jera su kamar yadda ya saba, ya ɗauki takardun ya fita. Tsakanina da Allah tsoron yunwa ne ya sa ni, amma da na tsufa na lalubi zuciyata, na tarar har da ɗan kishi a kwance a ƙasa.

Shekara shida ya yi a ciki. Daga baya aka mayar da shi wata runduna mai sa baƙaƙen kaya tun daga hula har takalmi, aka tura su can gabas wajen tafki. Sau biyu ya zo hutu. Yakan biyo ta shago ya gaishe ni, ya tsaya yana kallon gwangwanaye da hannuwansa a aljihu, bai taɓa zaro su ba. Karo na uku ba shi ya zo ba, waya ce ta zo da hantsi, ina cikin rubuta allon wani mai gyaran babur. An ce an yi musu sutura a can, su bakwai. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga kabari ba. Innarku ta karɓi masu gaisuwa da idonta a bushe, kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi, mata suna ta yaba mata dauriya. Ni da muke gida ɗaya na san ta daina cin abin kirki, sai fura kaɗan da rana, kuma ba'ar nan tata ta ɗauke kamar ruwan sama.

Wata takwas bayan haka, ana cikin zafin bazara, wani mutum ya sauko daga taksin Damagaram yana jan ƙafa ɗaya, da sanda a hannu da kwali a hammata. Ya tambayi 'yan kabu-kabu shagon mai fenti, suka nuno ni. Ya ce sunansa Garba, ajidan ne, mai muƙami a soja, kafin ya ajiye kaki, kuma shi ne shugaban su Lawali ranar da abin ya faru. Shi kaɗai aka ɗauko da rai daga motarsu. Ya yi mini gaisuwa, na amsa. Sannan ya buɗe kwalin. 'Yan mutum-mutumi ne na roba, launin toka, kowanne tsawon ɗan yatsa, da bindigarsa da hularsa da aljihunansa, komai an fitar da shi dalla-dalla. Wani surukinsa da ke aiki a ƙasar waje ne ya aiko masa. Ya ce tun da ya fito daga gidan likita fuskokin yaransa sojojin nan ke ɓace masa a ido ɗaya bayan ɗaya, yana so ya jera su bakwai a kan katako a ɗakinsa, yadda suka tsaya a gabansa da safen nan kafin su hau mota. Ba don ya nuna wa kowa ba. Ya gwada shafa musu baƙi da kansa, ya nuna mini guda biyu da ya ɓata, sun koma kamar gutsuren gawayi.

"Lawali ya sha gaya mini babansa mai fenti ne," in ji shi. "Shi ya sa na zo, Baba. In ba za ka iya ba, ba komai."

Da na ce a'a a ranar, da babu wannan babin. Na ce ya bar kwalin.

Kuskurena na farko shi ne na kai shi gida. Innarku ta leƙa, ta ga ƙananan bindigogi, ba ta tambayi komai ba, ta ce in fitar mata da waɗannan daga ɗaki. Na mayar da su shago. Amma warin fenti da kananzir yana bina gida kullum, kuma ta san ba allo nake rubutawa ba, don an daina kawo allo.

A nan ne na gane ban san baƙi ba. Na fara da fentin mota, sai ga ɗan sojan yana ƙyalli kamar buzuzun da ruwa ya jiƙa, aljihu da ɗamara da maɓalli duk sun nitse. Na wanke da kananzir. Na koma fentin allon lakwal, wanda ba ya sheƙi, na tsinka shi sosai. Ƙyallin ya tafi, amma abin da ya fito inuwa ce kawai, ba mutum ba. Ka ja da baya taku biyu ba za ka san gabansa da bayansa ba. Kwana goma ina shafawa ina wankewa. Rannan na rufe shago na tafi kasuwa, na zauna ina kallon duk wani baƙin abu da rana ta faɗa a kansa: mayafin mata, baƙar akuya a turke, gindin tukunyar mai ƙosai, tayar amalanke. Sai na ga babu ɗayansu da yake baƙi ƙirin. Inda rana ta sauka a kafaɗa akwai shuɗi-shuɗi, inda ƙyalle ya lanƙwashe akwai toka-toka, gefen ƙasa kuwa ƙurar hanya ta hau. Baƙi na gaske sai can cikin lungu, ƙarƙashin hammata da bayan gwiwa. Shekara talatin ina buɗe gwangwani, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Na dawo na ɗiga shuɗi kaɗan cikin baƙin allo na yi shimfiɗar farko. In ta bushe, sai in ƙara fari ɗigo ɗaya, in bi kan kafaɗa da gwiwa da bakin aljihu. Buroshina mafi ƙanƙanta ya yi musu girma, sai na tsinko gashi daga wutsiyar ɗan maraƙi na ɗaure a cikin bututun gashin zabo, sili biyar ko shida. Takalmi na bar masa ɗan sheƙi, sannan na shafa masa ƙasa-ƙasa a baki. Bindiga na goga mata bakin fensir har ta yi hasken ƙarfe. Baƙi uku ke nan a jikin abin da bai wuce yatsa ba, kuma dole kowanne ya bambanta da ɗan'uwansa. Aikin ba ya yiwuwa sai da hasken rana, daga hantsi zuwa la'asar, a bakin ƙofa, in riƙe numfashi, in kawo abin dab da hancina. Kafin azahar idona ya cika da ruwa, wuyana ya ƙage. Mutanen tasha kuma ga su nan suna wucewa suna leƙe. Tsofaffin direbobin da na yi wa zane a da suka fara kirana mai 'yan tsana, wasu da wasa, wasu da tausayi, waɗanda suka fi ciwo ke nan. Wani ya ba ni shawara in ɓoye su kada hukuma ta ɗauka wani abu nake shiryawa. Wata rana kuwa wani jandarma ya tsaya ya daɗe yana kallon guda ɗaya da na gama, ya ce Allah ya jiƙan su, ya wuce.

Ajidan Garba kan zo duk bayan mako biyu, ya zauna a benci ya miƙe ƙafar nan tasa. Shi ya ƙara mini wahala, don ya ce kakin nasu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya cika wanki har nasa ya koɗe ya koma kamar toka. Akwai sabon shiga, wata uku kacal, nasa na nan da duhunsa. Akwai wanda gwiwoyin wandonsa suka yi fari saboda yawan nafila, da wani mai cin goro da kullum bakin aljihunsa na hagu yake ja. Yana faɗa ina haɗa launi. Ban san lokacin da na fara sanin 'ya'yan mutane ba, har ina kiran su da suna ina aiki. Na Lawali na ajiye shi gefe, na ce shi ne na ƙarshe, kuma ban tambayi komai a kansa ba.

Ana haka ruwan shuka ya sauka. Kun san al'adar gidanmu: da ruwa ya faɗi sai mu rufe shago mu koma Kwaya har a yi girbi. Innarku ta ɗaure kaya, Sanusi ya samo amalanke, na ce su yi gaba, ina nan tafe bayan mako guda. Mako ya wuce, aka gama shuka. Noman fari ya zo, sai ga yayana Malam Habu, wanda gonarsa ke jikin tamu kuma shi ke jan salla a unguwarsu, ya hau kabu-kabu takanas ya zo. Ya tsaya a ƙofar shago bai shigo ba. Ya dubi 'yan sojan nan uku da na gama suna shan iska a kan faranti, ya yi mini nasiha mai tsawo a kan mutum-mutumi da gidan da mala'iku ba sa shiga, ya ce mamaci addu'a yake bukata, ba fenti ba. Ban musa ba, don na san karatunsa ya fi nawa. Abin da na iya cewa kawai shi ne:

"Yaya, ba ni na ƙera su ba. Riga kawai nake sa musu."

"Kana sa wa roba riga, Isufu, ka bar iyalinka a rana."

Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Na sani, Sanusi, kai kaɗai ka riƙe hauya a gonar da mutum uku ke nomawa a da. Na sani, Rakiya, kin baro ɗakinki da tsohon ciki kin zo kina tsugunne kina cire ciyawa a cikin gyaɗa. Labari yana zuwa mini duk ranar kasuwa, babu abin da ban ji ba. Kullum in na rufe shago sai in ce gobe zan tafi, da safe kuma in ga akwai kafaɗa ɗaya da ba ta yi ba. Ba zan ce muku shaiɗan ne ba, ba kuma zan ce ibada ce ba. Abin da na sani shi ne, sai ina riƙe da buroshin nan ne kaɗai ƙirjina ke sakina. Da na ajiye, sai maganar da na yi a kan bencin nan ta dawo ta zauna mini.

Wajen maimai, wato noma na biyu, saƙo ya zo ta bakin wani maƙwabcinmu cewa innarku ta bar Kwaya ta tafi gidan wanta a Dungas, ta ce a gaya mini ba yaji ta yi ba, gajiya ta yi. A lokacin 'yan sojan guda shida sun kammala, saura ɗaya. Dungas ba wata tafiya ba ce. Da na hau babur da hantsi, da kafin la'asar ina gaban wanta ina ba da haƙuri, kuma na san da ta biyo ni. Na tashi har na sa kwaɗo a ƙofa. Na tsaya riƙe da makulli ina kallon hanya, wani ɗan kabu-kabu har ya tsaya yana jirana. Sai na ce masa ya tafi, na buɗe na koma ciki. Wannan ita ce shawarar da na yanke a shekarar, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Da ajidan ya sake zuwa na ce masa to, yau ka gaya mini nasa. Ya daɗe yana murza gwiwa. Ya ce kakin Lawali ba shi da wata alama sai ɗaya: bakin hannun rigarsa na dama kullum da ɗigon farin fenti, don duk lambar da ke jikin motocinsu shi ya rubuta ta, kuma babu bangon da suka zauna kusa da shi da bai zana wa doki da gawayi ba. Manya sun yi faɗa har sun gaji sun ƙyale shi. Ya ce wata rana ya tambaye shi, mai hannu irin wannan me ya kawo shi cikin kaki.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Dariya ya yi, Baba. Ya ce so ba ya cika rumbu."

Ajidan bai san abin da ya faɗa ba, har yana murmushi don ya tuna dariyar. Na ce masa bari in yi alwala, na zaga bayan shago na daɗe.

Kwana goma sha biyu na yi a kan na bakwai ɗin. Kakin bai ba ni wuya ba, hannuna ya riga ya saba. Fuskar ce. Ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma iri ɗaya ce da ta sauran shidan, injin da ya zuba su bai san ɗan kowa ba. Na shafa na wanke, na shafa na wanke, har robar ta fara laushi. A ƙarshe na haƙura, na sa launin fata kawai, na ja inuwa a ƙarƙashin hula, sannan na ɗauki sili ɗaya na gashi na ɗiga fari a bakin hannun dama. A cikin kwanakin nan ne wata yana ta sauka a idona na hagu. Na ɗauka gajiya ce, ba ta sake tashi ba.

Ranar da ajidan ya zo ɗauka, na jera su a kan katakon ba bisa tsari ba, da gangan. Ya sunkuya ya dube su. Ya fara ɗaga su ɗaya-ɗaya yana kiran suna, yana ajiye kowa a gurbinsa, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya gama sai ya jingine sandarsa da bango, ya miƙe a kan ƙafar nan da ba ta ɗaukarsa, ya tsaya ƙyam a gabansu. Ni na kau da kai ina rufe gwangwanaye. Da ya zauna na roƙe shi ya ara mini na Lawali kwana ɗaya.

Na naɗe shi a ƙyalle na sa a aljihu, na tafi Dungas ranar kasuwarsu. A raina ina ganin idan ta gan shi za ta gane inda daminar ta tafi. Wanta ya karɓe ni a zaure ba yabo ba fallasa, ya ce in shiga. Na same ta a inuwar dogon yaro tana ɓarar wake a faifai. Ta rame. Muka gaisa kamar baƙi. Na warware ƙyallen, na ɗora shi a tafin hannuna na miƙa mata. Ba ta karɓa ba, ta dai sunkuyo ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Wane ne wannan, Malam?"

Na nuna mata ɗigon farin, na fara ba ta labarin motoci da doki.

"Kaya ne," ta ce. "Kaya ka shafa, kuma sun yi kyau. Amma ni ban haifi kaya ba."

Ta koma ɓarar wakenta. Na tsaya da abin a hannu, na ga gaskiyarta: wata uku da 'yan kai na yi ina gyara rigar da ni na sa masa ita tun farko. Sai kawai na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, takardun da bencin da maganar da na faɗa masa, da ƙaryar da na kawo gida. Ina jiran ta fashe da kuka ko ta tsine mini. Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani," ta ce. "Ranar da zai tafi ya same ni ina daka ya faɗa mini. Ya ce kada in riƙe ka a zuciya."

Ta watsa wa kaji ɓawon waken, sannan ta ce:

"Na yi ƙoƙari, Malam."

Shekara bakwai tana zuba mini tuwo da wannan a cikinta, ban sani ba.

Na mayar wa ajidan ɗan sojansa, ya tafi da su bakwai. Sau ɗaya muka sake magana a waya, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Innarku ta dawo bayan girbi, da ƙafarta, ba biko. Geron da aka samu a shekarar bai kai mu bazara ba, kun fi ni sanin yadda aka ƙarasa. Muka zauna shekara huɗu lafiya lau, ba faɗa, ba kuma hira. Tana yi mini duk abin da mace ke yi wa mijinta, amma na san wata ƙofa ta rufe, ban kuwa sake samun ta a buɗe ba. Yaya Habu bai ƙara taka gidana ba sai ranar jana'izarta, da ya ja sallar ya zo ya dafa kafaɗata ya wuce. Likitan ido a Damagaram ya ce na hagun ya tafi, na daman a lallaɓa shi. Shagon na bar wa wani mai cajin waya.

Ban rubuta wannan don ku wanke ni ba. Na rubuta ne don kada ku ci gaba da cewa yayanku ya zaɓi hanyarsa da kansa, ko ku ce innarku ta kasa haƙuri. Haƙurinta ya fi na kowa a gidan nan. In kuma kun tambaye ni ko da za a maido ni bakin ƙofar nan da makulli a hannu zan hau babur, ina so in ce e, amma na yi alkawarin ba zan ƙara muku wata ƙarya ba. Ban sani ba.

Saura abu ɗaya. Sanusi, ranar da ka kawo dammunan geron nan 'yan kaɗan a amalanke, tafin hannunka duk kanta, na tsaya a ƙofa na ce a shigar da su ciki, ban ƙara komai ba. Rakiya, da na zo barka na tarar ƙafafunki ba su gama saɓewa ba, na ɗauki jaririn na yi masa addu'a, ke ban dube ki ba. Kunya ce ta hana ni, ba raini ba. Ku biyu kun noma gonar da ubanku ya gudu ya bari, kuma har yau ban taɓa ce muku sannu ba.

Sannunku da aiki. Allah ya yi muku albarka.